Yawon faɗuwar rana a jirgin katako: ana samunsa a Legas kuwa?

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ruwa a garin nan. Mahaifiyata da ƙanwarta za su zo daga Zariya a watan Disamba, kuma tun da daɗewa Hajiya take cewa tana son a fita da ita kan ruwa da yamma ta ga faɗuwar rana, amma ba a cikin ƙananan jiragen nan masu gudu da ƙarar inji ba. Abin da take so shi ne jirgin katako irin na da, wanda ake ɗaga wa ƙyalle iska ta tura shi, kamar yadda wata maƙwabciyarta da ta je Zanzibar ta ba ta labari. Shin ana samun irin wannan a Legas, ko kuwa sai an tsallaka ƙasar waje? Idan ana samu, a ina ake hawa, kuma ya dace a ɗauki dattijuwa a ciki? Sannan akwai maganar sallar Magariba, domin lokacin da ake son kallon shi ne lokacin da ladan yake kira.

Bakatsine_Obalende:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan niyya ta faranta wa mahaifiya. Jiragen da ake ba da haya don yawon yamma a Ikoyi da Victoria Island da Lekki kusan dukkansu na faiba ne masu inji. Yawanci suna tashi daga wajajen Falomo, su bi ta Five Cowrie Creek, su wuce ƙarƙashin gadar da ta haɗa Lekki da Ikoyi, sannan su juyo. Masu ƙyalle akwai su a Lagos Yacht Club, wanda aka kafa tun 1932, sai dai na wasa ne da tsere, na 'yan kulob ɗin da baƙinsu, kuma ba su yi kama da abin da Hajiya take kwatantawa ba.

Jikan_Sarkawa:
Ban yarda a ce babu jirgin katako mai ƙyalle a Legas ba. Duk wanda ke bin gadar Third Mainland da hantsi ko da la'asar, idan ya leƙa ƙasa wajen Makoko zai ga kwale-kwalen masunta, Egun da Ilaje, sun ɗaga ƙyalle suna tafiya ba inji ba ƙara. Wani ƙyallen ma buhuna ne aka farke aka ɗinke wuri guda, aka ɗaura a jikin gora, mutum ɗaya yana zaune a baya yana riƙe da igiya a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana juya jirgin. Wannan ita ce sana'ar ta asali, kuma mu da muka tashi a bakin Kwara wajen Yawuri mun san ƙimarta. Amma ina faɗa maka gaskiya, ɗan'uwa, jirgin masunci wurin neman abinci ne. Siriri ne, bakinsa kusa da ruwa yake, babu wurin jingina, kuma idan mutum ɗaya ya motsa sai kowa ya ji a jikinsa. Ba zan sa uwata a ciki ba, don haka ba zan ce ka sa taka ba.

MamanIlham:
Ni na hau irin wanda maƙwabciyar Hajiya take nufi, a Zanzibar, lokacin da muka raka maigida wani taro. Na fahimci dalilin da ya sa abin ya tsaya wa Hajiya a rai tun kafin ta gani, domin wanda ya hau ba ya daina ba da labari.

Jiragensu iri-iri ne. Akwai babba da ake kira jahazi, wanda ke dakon kaya tsakanin tsibirin da Darussalam da sauran garuruwan gaɓa, akwai matsakaici da ake kira mashua, shi ne aka fi ɗaukar baƙi a ciki, sai ƙarami na masunta mai fukafukan katako biyu a gefe, ngalawa. Mun tashi daga bakin tsohon gari, Stone Town, bayan La'asar. Da farko ƙaramin inji suka tayar har muka fita daga cikin jiragen da ke ɗaure, sai suka kashe shi, samari uku suka kama igiya suna ja tare suna amsa wa juna, doguwar sanda ta tashi a karkace a jikin ginshiƙin tsakiya, ƙyalle mai kusurwa uku ya buɗe ya cika da iska. Jirgin ya ɗan kwanta gefe guda, kowa ya kama abin da ke kusa da shi, daga nan kuma sai tafiya ta daidaita. Abin da kunne ke ji kawai shi ne kukan katako da igiya da ruwan da ke bugun ƙirjin jirgi. Wani yaro yana durƙushe a tsakiya yana kwashe ruwan da ke tsattsafowa da yankakken galan, ba wanda ya damu da shi, domin haka aikin yake.

Garin yana fuskantar yamma, saboda haka rana tana sauka a kan ruwa a gaban idonka, kuma ana cikin haka sai kiran salla ya fara tasowa daga masallatan gari ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai hali, Malam, wannan ne abin da Hajiya take nema, kuma ban ga madadinsa a nan ba.

Injiniya_Apapa:
Kafin a yi nisa, akwai abubuwan da ya kamata mai tambaya ya sa a lissafi game da Legas ita kanta. Gaɓar tekunmu kudu take kallo, ba yamma ba kamar Stone Town, saboda haka wanda yake cikin tafkin Legas zai ga rana tana faɗuwa ne a bayan gine-ginen Ebute Metta da Yaba, ko bayan gadar Third Mainland, ko bayan ƙarafan ɗaga kaya na Apapa. Yana da kyawunsa, amma ba shi ne hoton da Maman Ilham ta zana ba.

Na biyu shi ne lokaci. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:30 zuwa 6:40, kuma da yake muna kusa da tsakiyar duniya, ba a cika minti 25 ba duhu ya fara rufawa. Hukumar ruwa ta jiha, LASWA, da ta tarayya, NIWA, dukkansu sun hana ƙananan jiragen fasinja tafiyar dare, kuma sun wajabta rigar kariya ga duk wanda ya shiga jirgi. Wannan yana nufin wanda ya tsaya a tsakiyar ruwa har rana ta ɓace, zai dawo ne a lokacin da bai kamata ya kasance a kan ruwa ba, sai in yana dab da tasha. Jirgin da iska kaɗai ke turawa kuwa ba shi da alkawarin lokaci, idan iska ta kwanta da magariba shi ma ya kwanta.

Sannan Disamba lokacin hunturu ne. Idan hazo ya sauko, rana takan shige cikinsa ta dushe tun tana sama, ba ta kai wa ƙasa. Ƙarshen shekara kuma shi ne lokacin da kainuwa ke cika ruwa, musamman ta ɓangaren Ikorodu, har ta naɗe farfelar inji.

Mai_Gadin_Tarkwa:
Injiniya, akwai gyara kaɗan. Gaskiya ne gaɓar kudu take kallo, amma rana ba wuri ɗaya take faɗuwa duk shekara ba. A Disamba takan karkata kudu sosai, saboda haka wanda ya tsaya a bakin yashi wajen hasumiyar fitila ta Tarkwa Bay zai gan ta tana gangarawa ta kan teku. A Yuni da Yuli ne take komawa ta kan tudu. Maganar hazo kuwa haka take, wata rana a samu sarari, wata rana a rasa. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a fita da jirgin katako ta bakin mashigar teku, inda manyan jiragen Apapa da Tin Can ke wucewa, domin igiyar ruwan da suke bari a bayansu tana jijjiga ko da jirgin faiba mai inji biyu.

Malam_IdiAraba:
Game da salla, babu wani ƙunci a cikin al'amarin. Sahabbai sun hau jirgin ruwa, waɗanda suka yi hijira zuwa Habasha ta Bahar Maliya suka tsallaka, kuma malamai sun yi bayanin sallar cikin jirgi tun da can. Mutum zai yi ta a tsaye idan zai iya, yana fuskantar alƙibla, idan jirgin ya juya shi ma ya juya, idan kuma tsayuwar za ta jawo faɗuwa ko jiri mai tsanani sai ya zauna. Daga Legas alƙibla tana gabas maso arewa, kuma a watan Disamba, saboda karkatar ranar da ɗan'uwanmu na Tarkwa ya ambata, wanda ya juya wa wurin faɗuwarta baya ya kusan daidaita da alƙibla.

Duk da haka, abin da na fi so wa Hajiya shi ne ta yi alwala tun a gida, a tsara tafiyar yadda za a sauka a tasha da faɗuwar rana ko jim kaɗan bayanta, ta yi sallarta a ƙasa cikin natsuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya lokacin Magariba gajere ne a bisa mashhurin zance, bai kamata a yi wasa da shi saboda kallo ba. Kuma kada a manta da addu'ar Annabi Nuhu, alaihis salam, da ke Suratu Hud aya ta 41, a lokacin shiga.

Bafatake:
Ina jan hankalin mai tambaya kada hoto ya ruɗe shi idan ya yanke shawarar fita waje. Mu da muke zuwa Dubai saro kaya mun san jiragen katakon da ke yawon dare a Dubai Creek. Jikin na katako ne, an yi masa fitilu masu kyau, amma inji ne ke jan su daga farko har ƙarshe, kuma gidan cin abinci ne a kan ruwa. Na taɓa kai iyalina cikin wani, an ce mana yawon faɗuwar rana ne na iyali, sai ga shi ba a tashi ba sai bayan Isha, aka saki kiɗa mai ƙarfi, aka fito da masu rawa, dole muka koma can ƙarshen jirgi har aka dawo. Wanda zai kai uwa ya tambaya tun kafin ya biya: ana sayar da giya a ciki, akwai kiɗa, ƙarfe nawa ake tashi, kuma za a ɗaga ƙyallen da gaske ko ado ne? Wannan tambayar ta shafi jiragen hayar Lekki ma, domin da yawansu na masu shagalin ranar haihuwa ne. A Dubai ɗin, ƙaramin jirgin katako da ake kira abra, wanda ke tsallakar da mutane tsakanin Deira da Bur Dubai a kan dirhami 1, ya fi min daɗi nesa ba kusa ba.

Ɗalibin_Azhar:
Akwai zaɓi na uku da ba a ambata ba, wato Masar. A kogin Nilu, musamman a Aswan da Luksor, akwai jirgin da ake kira faluka, mai babban ƙyalle, kuma galibinsu ba su da inji ko kaɗan. Hikimar da ke ciki ita ce kogin yana gangarowa daga kudu zuwa arewa, iska kuma yawancin shekara daga arewa take busowa zuwa kudu. Saboda haka matuƙi yana hawa sama da iska, ya dawo da ƙarfin ruwa, kuma da wannan tsarin mutanen ƙasar suka yi sufuri dubban shekaru. A Aswan ana zagaya tsibirin Elefantin, rana tana faɗuwa a bayan tuddan yashi na gaɓar yamma. Ga dattijuwa, ina ganin ya fi teku sauƙi, domin kogi ba shi da igiyar da ke tayar da zuciya, jirgin yana da faɗi, an shimfiɗa katifu da matasai, kuma gaɓa tana kusa ta kowane gefe. Disamba ma lokacin sanyi ne a can, sai dai a tafi da rigar sanyi.

Uwar_Biyu:
Ku gafarce ni, amma ina karanta wannan zancen gabana yana faɗuwa. Mu 'yan Arewa ba labari aka ba mu ba game da jirgin katako. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse a kogin Kwara wajen Warra a jihar Kebbi da ɗimbin mutane. A ƙarshen Nuwamban shekarar aka yi na Bagwai a Kano, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yaran Islamiyya da ke kan hanyar Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki da dare. Ma'aikatar tarayya mai kula da harkokin teku ma tana ta kira ga jihohi su daina jigilar fasinja da jiragen katako. Yaya za a yi mutum ya ɗauki mahaifiyarsa, wadda na tabbata ba ta iya iyo ba, ya kai ta kan ruwa da almuru don kallo kawai? Akwai wuraren zama a bakin ruwa a Ikoyi da Lekki, a kai ta ta zauna a kan kujera ta ga faɗuwar ranar, ƙafarta a ƙasa.

Kafinta_EbuteMetta:
Hajiya Uwar Biyu, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma tsoronki yana kan hanya. Amma a matsayina na wanda ya yi rayuwarsa cikin katako, ina roƙon kada a ɗora wa katako laifin da ba nasa ba. A duk haɗarin da kika lissafa za ki tarar da lodi fiye da kima, ko tafiyar duhu, ko rashin rigar kariya, ko tsohon jirgin da aka daina kula da shi, wani lokaci ma duka a haɗe. A nan Legas, jirgin da ya kife a Yulin 2022 tsakanin Mile 2 da Ibeshe na faiba ne, kuma bayan lokacin da aka ƙayyade ya tashi. A Zanzibar ɗin da ake yabo, babban haɗarin da aka yi a Satumban 2011, na Spice Islander, jirgin ƙarfe ne da aka cika maƙil da mutane da kaya.

Jirgin katako mai lafiya ana gane shi. A duba haƙarƙarinsa na ciki, a danna da farce ko bakin makulli, idan ya lotsa to ya ruɓe. A duba tsakanin allunan, a ga ko an cusa auduga ko igiya an bi da kwalta, ko kuwa faci ne na kwano a kan faci. A ɗaga katakon da ake takawa a ga yawan ruwan da ya taru a ƙasa. Ɗan tsattsafi ba komai ba ne, kamar yadda Maman Ilham ta gani, amma idan mai kwasa ba ya hutawa, to a sauka. Sabon fenti kuwa kada ya burge kowa, sau da yawa da shi ake rufe ɓarna. Ruwan tafkin nan gauraye ne da na gishiri, kuma akwai tsutsar da ke huda katako ta ciki ta bar bayansa sumul, shi ya sa masu ƙera jirgi suke neman itace mai tauri irin su iroko da maɗaci, kuma suke jawo jirgi tudu lokaci-lokaci a duba cikinsa.

Uwar_Biyu:
Na ji bayaninka, Malam Kafinta, kuma na ƙaru. Sai dai kai ka san inda za ka danna, mai tambaya kuwa bai sani ba, kuma mai jirgi ba zai ce masa jirginsa ya ruɓe ba. Ina nan a kan bakata.

Baba_AlabaRago:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, domin ina jin na san abin da ke zuciyar wannan baiwar Allah. Mu da muka manyanta mun tashi muna jin labarin jirgin katako a bakin kakanninmu. Kafin jirgin sama, alhazanmu ta ƙasa suke tafiya, su bi ta Barno, su ratsa Cadi da Sudan, wasu su yi shekaru a hanya suna aikin gona suna tara guzuri, har su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga can masu hali su shiga jirgin hayaƙi zuwa Jidda, marasa hali kuma da yawa a jirgin katako mai ƙyalle na Larabawa suke tsallakawa. Kakana yana cikinsu. Yakan ce mana abin da ya fi ba su wuya shi ne ranar da iska ta ɗauke, jirgi ya tsaya cik, ruwan sha yana raguwa, ba abin yi sai addu'a, sannan da yamma ta yi iska ta dawo kowa ya yi kabbara. Har ya bar duniya idan ya ga ƙyalle yana kaɗawa a igiyar shanya sai ya tuna. Saboda haka idan dattijuwa ta ce tana son ta hau irin wannan jirgi, kada a ɗauka sha'awar yara ce. A yi ƙoƙari a cika mata burinta, amma a bi ta hanyar da hankali zai kwanta.

Ɗan_Agege:
Na gode ƙwarai, Baba, kuma na gode wa kowa. Maganar fita waje a bana ta fi ƙarfina, ga kuɗin jirgi na mutum uku, ga biza, ga shi Hajiya tana fama da ciwon gwiwa. Abin da nake tunani yanzu shi ne ko akwai wani wuri a cikin jihar nan da ruwansa yake kwance, inda za a sami babban jirgin katako mai faɗi, ko da mai inji ne, a yi hayarsa mu kaɗai, a fita bayan La'asar a dawo kafin duhu. An ambata mini Epe da Badagry. Akwai wanda ya san su?

Direban_Seme:
Badagry nake bi kullum, kuma ina ganin ta fi dacewa da abin da kake nema. Ruwan da ke gaban garin ba teku ba ne, rafi ne mai faɗi da ya miƙe daga gabas zuwa yamma har Fotonobo a Jamhuriyar Benin, kuma tudun yashi mai itatuwan kwakwa ya raba shi da teku, shi ya sa yake kwance. Da yake ya miƙe ta yamma, hasken rana yana kwantawa a kan ruwan idan ta yi ƙasa. A bakin Marina akwai masu jirage da ke tsallakar da baƙi zuwa Gberefu, inda aka bi da bayi zuwa bakin teku a zamanin cinikin bayi, kuma ana iya daidaitawa da su. Sai ka ce wa matuƙi idan an kai tsakiya ya kashe inji na ɗan lokaci, Hajiya ta ji shirun da Maman Ilham ta faɗa. Amma ku shirya kwana a can, domin dawowa Agege da dare ta wannan hanya wahala ce ga tsohuwa. Akwai masallatai a garin, kuma akwai 'yan'uwanmu Hausawa da yawa.

Jikan_Sarkawa:
Shawarar Badagry ba ta da laifi, amma kashe inji a tsakiyar ruwa yana da sharaɗi. Ruwan nan yana tafiya da cikar teku da janyewarta, ko da ido yana ganinsa a kwance. Jirgin da ba inji ba ƙyalle ba shi da iko da kansa, ruwa ne ke kai shi inda ya so, kuma a haɗarin Ibeshe da Malam Kafinta ya ambata, ruwa ne ya ja jirgin ya kai shi jikin wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye. Idan za a kashe, to a tabbatar akwai abin tuƙi na hannu aƙalla biyu da doguwar gora, akwai mataimaki ban da matuƙi, kuma a yi shi kusa da gaɓa, nesa da hanyar jirage masu gudu. Sannan ina ƙara cewa jirgin da aka kashe wa inji daban, wanda iska ke ja daban. Na biyun yana tafiya, kana jin ƙarfin iskar a jikin katakon da kake zaune a kai. Kada a gaya wa Hajiya cewa abu ɗaya ne.

MamanIlham:
Haka ne, ba ɗaya ba ne. Game da gwiwar Hajiya kuma, wurin shiga da fita ya fi tafiyar kanta wuya. A Zanzibar sai da muka tattare zane muka taka cikin ruwa kafin mu kai ga ɗan tsani, kuma na ga wata dattijuwa da sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Ko a ina za a yi, a nemi tasha mai dakali da jirgi zai jingina da shi, a sa mata rigar kariya tun tana tudu, a ɗaure igiyoyin rigar a kan hijabi yadda ba za ta zame ba, kuma a zaunar da ita a tsakiya inda jijjiga ta fi sauƙi. Kada ta ci abinci mai maiƙo kafin a tashi, a riƙe mata ɗanyar citta ko lemon tsami saboda tashin zuciya.

Bakano_Mile12:
Ina da tambaya ga Malam na Idi-Araba. Tunda daga Agege zuwa Badagry tafiya ce, kuma ita Hajiya baƙuwa ce daga Zariya, ba za ta iya haɗa Magariba da Isha ba, a huta da gaggawar saukowa?

Malam_IdiAraba:
Wannan ya danganta da kwanakin da ta yi niyyar yi. A wurin malamanmu, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a gari ya zama mazauni, hukuncin tafiya ya sauka daga kansa, kuma wadda ta zo wurin ɗanta daga Zariya da wuya ta yi ƙasa da haka. Fitar Badagry kuwa sai an duba ko ta kai nisan da ake yin ƙasaru, wanda ake ƙiyastawa da kimanin kilomita 80. Ya fi kyau ya zauna da malamin unguwarsu ya faɗa masa yadda tafiyar take. Ni dai a ganina babu buƙatar a kai ga nan, tunda dokar ruwa ma ta ce a sauka kafin duhu.

'Yar_Gwarzo_Yaba:
Ina so in ƙara wa wanda zai iya fita nan gaba, ko shi mai tambaya idan Allah ya hore. Ban da Zanzibar akwai Lamu a gaɓar Kenya, tsohon garin Musulmi da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, inda jaki da jirgin katako ne abin hawa saboda lungunan garin ba sa ɗaukar mota. Yawon yamma a can ana yin sa ne a mashigin da ke tsakanin Lamu da tsibirin Manda, ruwan da tudu ya kare ta gefe biyu, kuma a lokacin Mauludinsu har tseren jirage ake yi. Iskar yankin kala biyu ce, Kaskazi da ke busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris, da Kusi da ke zuwa daga kudu tun wajen Afrilu, wadda ta fi ƙarfi kuma ta fi tayar da ruwa. Da waɗannan iskoki biyu fatake suka riƙa zuwa daga Oman da Yaman da Indiya su koma. Mai tafiya da tsofaffi ya nufi lokacin Kaskazi.

Injiniya_Apapa:
Idan Badagry aka tsayar, kada a sa rana ɗaya tak. A ware kwana biyu ko uku a cikin zaman nasu, a duba sama da safe, ranar da aka ga hazo ya yi sauƙi sai a kama hanya da wuri. A tashi daga tasha wajen ƙarfe 5:00, a juyo tun rana tana da sauran tsayi, yadda za a kalli ƙarshen faɗuwarta ana dab da gaɓa. A hau daga tashar da jami'an LASWA suke, a ƙirga rigunan kariya kafin a biya kuɗi, a bar wa wani a tudu lambar matuƙin, kuma a ajiye lambobin gaggawa na jihar, 767 da 112, a waya.

Kafinta_EbuteMetta:
Ni kuma ina ganin kafin ranar ya kamata mai tambaya ya je shi kaɗai ya ga jirgin da idonsa, ya sa a ɗaga masa katakon ƙasa kamar yadda na faɗa, ya ɗauki hoton ciki ya turo mana mu duba. Idan ya sami matuƙi Ba'egun da ya iya ƙyalle, yana iya tambayarsa ko zai ɗaura wa babban jirgi ƙaramin ƙyalle, a tafi da shi tare da inji a ajiye. Suna yin haka idan za su rage shan mai.

Jikan_Sarkawa:
Wannan sai a jirgin da aka ƙera da gurbin ginshiƙi tun farko, Malam Kafinta. Wanda aka yi don inji kaɗai, idan aka ɗaura masa ƙyalle iska ta bugo ta gefe, kwantar da shi za ta yi. Ya tambayi matuƙin ko jirgin ya saba ɗaukar ƙyalle, kuma ya sa a gwada a gabansa ba tare da Hajiya a ciki ba.

Uwar_Biyu:
To, idan har sai an je, ni roƙona ɗaya ne. Kada a tafi da jikoki ƙanana sai an sami rigar kariya daidai jikinsu, domin ta manya tana zamewa ta kan yaro da zarar ya shiga ruwa, kuma yawancin masu jirage ta manya kawai suke ajiyewa. Akwai wanda ya san inda ake sayar da ta yara a Legas, mai inganci?